Hasana da Usaina a cikin furogiram

Jama'a, yau na tara manoman garin Cadawa ba da niyya ba!

Abokin aikina Ila ne ya rubuta furogiram ɗin kwamfuta na ƙungiyar manoman. Kowane metod, wato ɗan aikin da ake kira a ciki, sunan 'ya'yansa ya sa masa. Zan yi gwaji, sai na kira Hasana. Ashe Usaina ce ta gwaji! Hasana ta aika wa kowane manomi saƙon waya cewa irin gero ya iso.

Kan ka ce me, amalanke sun cika ƙofar buro, wato ofishinmu. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, ina irin?" Sai ga motar irin da muke sa rai jibi ta kunno kai!

Ila ya ce, "Ka ga albarkar Hasana?"

Na ce, "Gobe akwai raɗin suna, kowane metod za a sake masa suna, kai za ka kawo rago!"