Akwatunan Cindo na Ƙarshe

Sunansa na yanka Ismail, amma a Gumel in ka ce Ismail sai an tambaye ka wanne. Cindo kowa ya sani, saboda yatsa na shida da aka haife shi da shi a hannun hagu. Uwarsa ƙanwar mahaifina ce, wato taubasai muke, kuma shekara sittin da 'yan kai ban taɓa yi masa gaisuwar arziki ba. In na shiga zaurensa sai in tambaya ko bawana ya tashi, shi kuma ya ce wa ya bar ƙofa a buɗe har akuya ta shigo.

Malamin gona ne. Ya yi aiki a Gagarawa, ya yi a Sule Tankarkar, har ya yi ritaya, amma ban san manomi ɗaya da ke tuna shi da maganar taki ba. Akwatin sifika aka san shi da shi. Tun muna samari cutar ta kama shi, ranar da ya ciro sifika daga wata matacciyar rediyo, ya jona ta da wata mai aiki, ya kifa ta a bakin tulu, ya ji muryar ta yi kauri. Daga nan ba a ƙara samun kansa ba. Duk Alhamis yana kasuwar Maigatari. Mutane na can suna kallon shanu da raƙuma, shi yana tsugune a gaban 'yan gwangwan yana tonon sifikun tsoffin motocin da suka shigo daga Damagaram.

Katakon maɗaci yake so, wanda ya shekara biyu a rataye a zaure yana bushewa. Sai ya ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa, ya kara kunne. Ba ya buga ƙusa, wai tana kaɗawa, sai gam da 'yan turakun itace. Ciki kuma audugar rimi yake cusawa, har matarsa Adda ta gaji da cigiyar matasan kai. A kan ramin iska ɗaya da yake hudawa a gaban akwati sai ya yi sati, yau ya faɗaɗa, gobe ya rage. In ya gama ya sa wani kaset ɗin goge da yake gwaji da shi, ya rufe ido. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, bayarwa yake yi. Kuma gaskiya a da aikinsa babu na biyu. Wanda ya ba ni shekara ashirin da suka wuce, in ka kunna sai ka rantse mai gogen a tabarmarka yake zaune. Ban taɓa gaya masa haka ba, na ce masa dai zai yi kyau da ajiyar albasa.

Sai tsufa ya zo masa ta kunne. Yana jin magana in ana fuskantarsa, yana jin ganga, amma siririn sauti ya daina isa gare shi, kuma shi bai sani ba. Abin da ya sani kawai, sifikun zamanin nan ba su da kaifi. Sai ya shiga ƙara 'yan ƙananan sifikun nan masu siririyar murya a kowane akwati. Da ɗaya yake sawa, ya koma biyu, har ya kai huɗu. Shi a kunnensa komai ya koma daidai. Mu kuwa abin da muke ji kamar ana kankare gindin tukunya da cokali.

Shekara huɗu ana haka, ba wanda ya ce uffan. Wanda aka ba ya durƙusa ya yi godiya, ya kai gida ya ɗora kwanuka a kai. 'Ya'yansa in ya kira su su saurara, sai su sunkuyar da kai su ce ya yi, Baffa. Ni ma ina cikin masu laifi. Ina ta tsokanarsa a kan akwatunan kamar yadda na saba, ban taɓa tsayawa na ga cewa tsokanar ta zama gaskiya ba.

Da aka sa ranar auren autarsa Naja'atu, wadda ta gama makarantar jinya za a kai ta Maigatari, sai ya sanar cewa zai yi mata guda biyu, kuma daga su ya ajiye zarto. Wata uku yana kansu, bayansa na ciwo, idonsa na ruwa. Saura kwana goma biki Adda ta zo gidana da hantsi, ta zauna a bakin ƙofa kamar wadda ta yi tafiyar yini. Ta ce ranar jere mata za su cika ɗakin, dole wata ta kunna, kuma dangin ango ba su san shi ba balle su rufa masa asiri. Ta ce ita shekara arba'in ba ta taɓa ce masa aikinsa bai yi ba, ba za ta iya farawa yanzu ba. Ni ne taubashinsa, ni kaɗai aka yarje wa in faɗa masa kowace magana.

Na je na faɗa masa ƙarara: kunnenka ya mutu, akwatunanka ihu suke yi. Ya yi dariya har da tari, ya ce kunnen da ya saba da kukan jaki ina zai gane goge. Washegari na koma, haka ya sake yi. Rana ta uku har na ɗaga murya, ya ce in yunwa nake ji in faɗa a kawo mini ɗumame. Na fito ina huci, rabin haushin nasa, rabi nawa. Shekara sittin ina zaginsa kyauta, yau ga shi ina da magana ta gaske, kuma ba ta da nauyin komai a bakina.

Rana ta huɗu na sa babbar riga. Na tsaya a ƙofar zaure na yi sallama, na jira sai da ya amsa. Na cire takalmi, na zauna a gefen tabarma, na tambaye shi kwana da gajiya da iyali, ɗaya bayan ɗaya, na kira shi Malam Ismail. Ya ajiye abin gogar da ke hannunsa. Ya daɗe yana kallona, na ga fuskarsa ta sauka.

"Wa ya rasu?" ya ce.

"Ba wanda ya rasu. Maganar da na yi maka kwana uku, ba wasa ba ce."

Bai yi musu ba. Ya tambayi tun yaushe, na ce shekara huɗu. Ya fara lissafa sunayen waɗanda ya ba akwati a shekarun nan, limamin unguwa, surukinsa na Ɗanzomo, wani abokin aikinsa, sai ya tsaya a na shida. Ya tambaya ko Adda ta sani. Na ce ita ta aiko ni. Ya gyaɗa kai, ya kalli ƙofar cikin gida. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Can ya buɗe bayan akwatunan, ya miƙo mini filaya, ya kunna kaset ɗin. Ya ce in yanke wayar ƙananan ɗaya-ɗaya har in ji ya daidaita. Ya ɗora tafin hannunsa a kan katakon. Na yanke uku a kowanne. Sai ga gogen ya fito sumul, irin na da, domin katakon da ramin iskar ba su da aibi ko kaɗan. Na gaya masa haka da babbar murya, karo na farko a rayuwata da na yabi aikinsa.

"Ni yanzu ba na jin gogen," ya ce. "Sai dai motsinsa a hannuna."

An kai akwatunan Maigatari, kuma an ce mata sun yi ta tambayar inda aka sayo su. Shi bai ƙara taɓa zarto ba, sauran katakon yana nan a rataye. Ina zuwa zauren kusan kullum, in tsaya a ƙofa in tambaya ko bawana ya tashi, da ƙarfi yadda zai ji. Sai ya gyara zama, ya share mini gefen tabarma da hannu, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Abdulbaqi."