Wutsiyoyi Biyu a Jakar Labo

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Gazawa da Gidan Rumji a shekarun da ake ta kafa jam'iyyu ya san Labo mai igiya. Mutumin Agiye ne, dogo, siriri, da ɗan gemu kamar an liƙa masa. Igiyar kaba yake saye a ƙauyukan Gazawa, ya ɗora a mota ya kai kasuwannin yamma. Sai dai ba igiya ce ta yi masa suna ba, bakinsa ne. Tun yana saurayi, in an yi rasuwa a unguwa shi ake aikawa wurin dangi na nesa, domin ya iya. Zai zauna, ya sha ruwa, ya tambayi gona, ya ce jikin wane ya yi tsanani, har mutum ya gane da kansa kafin a furta masa. Mutane suka yi ta yabo, shi ma ya yarda baiwa ce, ya shiga yin haka a kowace magana, har wadda ba ta bukata.

Akwai wata Hajiya Hamdiya a Gidan Rumji, mai sayen bijimai ramammu bayan kaka, a yi mata kiwo su yi ƙiba ta sayar. Mai kiwon nata wani Bafulatani ne, Sajo, can gabas da Gazawa. Tsakaninsu tafiyar wuni guda ce a mota, babu waya, kuma daga ita har shi babu wanda ya yi lakol, wato makarantar boko, balle a rubuta wasiƙa. Labo ne wayarsu. Shekara shida yana ɗauko maganar wannan ya kai wa wancan, yana goge mata ƙaiƙayi a hanya. In Hajiya ta yi faɗa, gaisuwa ce take isa ruga. In Sajo ya yi ƙorafi, addu'a ce take isa gari. Labo yana alfahari cewa shi ya hana su ɓatawa.

A shekarar da aka gama babban taron ƙasa a Yamai, lokacin da kowa ya buɗe baki a rediyo yana faɗin abin da a da ba a faɗi, Labo ya kan yi tsaki a mota ya ce wannan ai rashin ta ido ne. A cikin sanyin shekarar nan Sajo ya same shi a kasuwar Gazawa, ya ja shi bayan rumfa, ya zaro wani ƙunshi daga rigarsa.

"Labo, ciwon huhu ya shiga shanun Hajiya. Biyu sun faɗi, ga wutsiyarsu ka kai mata ta gani. Huɗu suna tari. Ka ce ta ba ni izini in ware su in kai ma mahauta, kuma ta nemo likitan dabbobi ya yi ma sauran allura. Ni ba ni sa wuƙa ga dabbar amana sai mai ita ta ce."

Haka al'adar take. Makiyayi ba ya yanka ko sayar da dabbar da aka ba shi kiwo da ra'ayin kansa, in kuma ta mutu sai ya aika da wutsiya shaida. Sajo, mutumin da ba ya haɗa jimla uku a wuni, ranar ya faɗi komai dalla-dalla. Labo ya sa ƙunshin a jaka ya ce an gama.

Washegari da hantsi ya isa Gidan Rumji, ya tarar ƙofar gidan Hajiya cike da mutane. Suna ake yi. 'Yarta Rukaiya ce ta haihu bayan shekaru ana jira. Hajiya ta fito zaure da sabon zane, fuska sai sheƙi, ta cika masa hannu da goro.

"Labo, ka zo bisa sa'a! Mi Sajo ya ce? Ina shanuna?"

Hannunsa yana kan jakar. Ya dubi matan da ke shige da fice da ƙwaryar fura, ya ji guɗa daga cikin gida. Shi Labo, ya zaro wutsiyar mushe a gidan suna? Sai ya bi tsohuwar hanyarsa.

"Suna nan, Hajiya, yana gaishe ki. Sai dai sanyi ya ɗan taɓa wasu, suna ɗan tari."

Ya jira ta ƙara tambaya, ta gane da kanta kamar yadda masu makoki suke ganewa. To, amma Hajiya ba makoki take jira ba. "Allah shi sawwaƙe," in ji ta, "ka ce ya ba su kanwa." Wata ta kira ta, ta juya ta shige. Labo ya ce a ransa in taro ya watse zai dawo. Taro bai watse ba har motar Maradi ta cika, ya shiga. Gaskiyar magana, sanyi ya ji a ransa da motar ta tashi.

Da ya koma, Sajo ya tare shi. "Ta gani?"

"Ta ji."

"Mi ta ce?"

"Ta ce ka ba su kanwa."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma wannan ne ya fi muni. Sajo ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tafi ya sayi kanwa.

Mako na gaba Labo ya kai igiyarsa kasuwar Cadakori maimakon Gidan Rumji, ya ce wai can ta fi tafiya. Na gaba ma haka. Kullum maganar tana ƙara nauyi, don yanzu ba mutuwar shanu kaɗai zai faɗa ba, har da shirunsa. Matarsa Tala ta ce jakar nan tana wari, ya fitar mata da ita daga ɗaki. Ya rataye ta a zaure. Ya kasa jefar da ƙunshin, ya kuma kasa kai shi.

Wani mahauci ne ya tsegunta wa Hajiya a kasuwa cewa garkenta yana ƙarewa. Ba ta aika kowa ba, ta shiga mota da kanta, ta tsaya a tashar Agiye ta ce Labo ya raka ta ruga. Bijimai ashirin ta bayar, tara ta tarar a tsaye, su ma wasu ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Hajiya ta rufe Sajo da faɗa a gaban iyalinsa.

"Shekara shida, Sajo! Shanuna na mutuwa ka aiko mani da tari? Ina wutsiya? Ko sayarwa ka yi? Yau za ni kwashe abin da ya rage, kuma kowa a Gidan Rumji sai ya ji."

Sajo ya sunkuyar da kai yana zane ƙasa da sandarsa. Bai ko dubi inda Labo yake ba. Kunyarsa ba za ta bar shi ya tona asirin mutum a gabansa ba, ko da sunansa ne zai ɓaci. Labo ya gane in ya yi shiru na minti ɗaya kawai, ya tsira. Ya so ya yi shirun ƙwarai, kuma ya san ya so. Amma sai ya buɗe jaka ya kwance ƙunshin a gaban Hajiya. Wutsiyoyin sun bushe sun ƙandare.

"Tun ranar suna suke wurina, Hajiya. Ya faɗa mani komai. Ni ne ban faɗa ba."

Hajiya ta dubi wutsiyoyin, ta dubi Labo. Da ta zage shi da ya ji sauƙi. Sai ta juya wurin Sajo ta ce, "Ka gafarce ni, ɗan'uwa." A mota har Agiye ba ta yi masa magana ba.

Bayan mako uku ta aiko a kira shi. Ya tafi da fargaba, ta karɓe shi da ruwa da goro kamar da. Sannan ta miƙo masa wani ɗan abu a naɗe cikin ƙyalle, ta ce ya kai wa Sajo. Kaset ne. Labo ya tsaya yana jiran saƙon baki, ta ce shi ke nan, Allah shi kiyaye hanya.

A ruga Sajo ya ɗauko rediyonsa ya sa kaset ɗin a gindin wata bishiya. Labo ya tsuguna a gefe kamar yadda ya saba. Muryar Hajiya ta fito tar. Ta yi gaisuwa a taƙaice, ta faɗi bijiman da za a kai wa mahauta da ranar da likita zai zo. Sannan ta ce:

"In ka gama ji, ka juya kaset ka yi maganarka ta baya, mai daɗi da marar daɗi. Ka ba Labo ya kawo, mutumin kirki ne, ba ya ɓatar da kaya. Amma kada ka faɗa mashi da baki."

Sajo ya yi sauri ya kashe, amma an riga an ji. Ya juya kaset ɗin, ya ɗora yatsa a kan jan maɓallin ɗaukar magana, ya tsaya. Ba zai iya cewa baƙo ya ba shi wuri ba. Labo ya gane. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ce bari ya je rijiya ya sha ruwa, in an gama a kira shi.