Eriya a Kan Soro

A shekarun da ake aikin madatsar ruwa ta Bakolori muka zauna a Talata Mafara. Maigidana mutumin Bakura ne, direban tifa, yana jigilar ƙasa da duwatsu a wurin aikin. Ni kuwa daga gefen Maradun aka ɗauko ni, kuma ban daɗe da tarewa ba ruwa ya cinye gonakinmu, dangina suka watse, kowa ya nufi inda zai samu abin nomawa. Saboda haka a Mafara ba ni da uwa, ba ni da 'yar'uwa, sai matar maƙwabcinmu.

Maƙwabcin namu malami ne, gidansu gidan karatu ne tun kaka da kakanni. Matarsa ta isa ta haife ni, don haka Inna nake ce mata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, a jikinta akwai wata 'yar ƙofa da sai an sunkuya ake wucewa. Ƙofar mata ce. Mu da ba ma fita da rana, ta nan muke ɗiban wuta, ta nan ake aron gishiri, ta nan ake miƙa jariri idan uwarsa za ta yi daka. Rabin yinina a can nake yin shi. Inna ce ta koya mini kaɗa miyar kuka ba gudaji, ita ce ta zauna a kaina lokacin da na yi ɓari, kuma ita kaɗai ke yi mini faɗa in yi shiru, domin ni ba mai haɗiye magana ba ce.

Ana nan sai maigidana ya shigo da talabijin baƙi-da-fari, wanda ya saya a hannun wani abokin aikinsa da zai koma garinsu. Da batirin mota ake kunna shi. Muka kunna, ba abin da muka gani sai yayyafi da ƙarar shuuu. Aka ce masa tasha tana Sakkwato, da nisa, sai an kafa eriya a waje.

Ranar Talata wani ɗan kasuwa da ke zuwa daga Sakkwato ya biyo shi gida da eriya iri biyu. Maigidan ya shigo da su tsakar gida ya jingine, yana ta washe baki. Ɗaya ƙarama ce, 'yan sandunanta kaɗan, ba ta damu da inda ta fuskanta ba, amma hotonta dishi-dishi. Ɗayar doguwa ce kamar ƙashin bayan kifi. Ita tana jawo hoto daga nesa, amma sai inda aka nuna da bakinta take ji.

"Ke duba nan," in ji shi. "Wacce kig gani?"

Na ce, "Wadda ka nuna mutane da kawunansu."

"To babbar za mu ɗauka. In an juya ta yamma ga Sakkwato, in an juya ta arewa har kokowar Nijar tana jawowa."

Saura wurin kafawa. Mai eriyar ya ce ana iya ɗaure ta a kan dogon bututun ƙarfe, a kafa shi a ƙasa jikin ɗaki, duk mai son juyawa ya murɗa da hannu yana tsaye. Ana kuma iya ɗora ta a kan soro da gajeren sanda. Bututu ba wuyar samu yake ba, ga su nan an zubar a wurin aikinsu. Amma jikin ɗakinmu bishiyar dogon yaro ta rufe shi, ba wanda zai gani daga titi. Soron zaure kuwa duk mai zuwa kasuwa sai ya ɗaga kai. Na san mijina, ba ƙarfin hoto ya duba ba, so yake a ce gidan direba ne mai ƙarfe a sama. Aka ɗora ta a kan soro. Da mutum na farko ya fito a akwatin da kansa da rawaninsa, har guɗa na yi.

Wanda bai zauna a irin unguwarmu ba ba zai san nauyin hawa soro ba. Tsakar gida ba rufi, makewayi ba rufi, duk wanda ya hau sama yana ganin cikin gidajen mutane. Shi ya sa namiji ba ya hawa sai da dalili, kamar yaɓe kafin damina, kuma sai ya sanar da maƙwabta tun da wuri. Idan ya zo gindin tsani ya ɗaga murya ya yi sallama, ya dakata har mata su kintsa su shige ɗaki. Abu ne na shekara-shekara. Eriyarmu ta mayar da shi na kullum.

Da la'asar sakaliya, daidai lokacin da tasha ke buɗewa, daidai kuma lokacin da kowace mace take gaban murhu, sai ka ji maigidana: "Salamu alaikum maƙwabta! Za a hau bisa! Mata a shige ɗaka!" Sai ka ji gudu a bayan katanga, an bar tukunya tana tafasa. Shi yana sama yana murɗa sanda, ni ina ciki ina ihu: "Ya yi! A'a, ya ɓace! Koma baya kaɗan!" Idan labarai suka ƙare yana son kokawa, a sake hawa.

Da fari abin dariya ne. Inna takan sunkuyo ta ƙofa ta ce, "Ɗiyata, wanga miji naki ya zan ladan? Kullum shina bisa shina kira. Tuwona ya ƙone jiya, ke za ki biya." Ita ma tana kallo. Idan maza ba sa nan sai ta shigo da surukarta, matar babban ɗansu, su zauna a bakin gado. Da 'yan kokawa sun fito tsirara rabi sai ta ja mayafi ta rufe fuska tana salati, ido ɗaya a waje. Malam ya san tana zuwa, bai taɓa hana ta ba.

Sannu a hankali sallamar ta fara gajarcewa. Sai ya kai rabin tsani yake yin ta. Na yi masa magana, ya ce ai sun saba, sun san lokacin.

Wata Juma'a a farkon damina abokansa direbobi suka cika zaure, an fitar da akwatin can ana kallon kokawa. Ana tsakiyar kamu sai iskar hadari ta taso ta juya eriya, hoto ya ɗauke. Zaure ya ɗauki ihu. Maigidan ya zabura ya haye tsani, ko sallama bai yi ba. Surukar Inna tana wanka a makewayi. Ƙarar da ta yi har yau ina jin ta. Ya sauko yana rantsuwa cewa ba abin da ya gani sai ƙarfen, kuma na yarda da shi, don idan yana kan kokawa ko wuta ce ta kama rigarsa ba zai lura ba. Amma ita yarinyar ta gan shi, kuma wannan ya isa.

Washegari da hantsi Malam ya zo da kansa. Ina bayan ƙofar zaure ina ji. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi aiki, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa da shuka. Sannan Malam ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa:

"Maƙwabci, ba maganar akwatinka ta kawo ni ba. Hawan na. Ka sauko da ƙarhen ga ƙasa, ka kahwa mishi bututu, kowa shi huta."

Kunya ce ta kama mijina, na sani, kuma shi idan ya ji kunya sai ta koma masa taurin kai. Ga kuma abokansa sun riga sun zuga shi cewa malamai ba sa son talabijin, hanya kawai suke nema. Sai na ji ya ce, "Allah gafarta Malam, ai bisa gidana nika hawa, ba bisa na wani ba."

Malam ya ce, "Gaskiya ta. Gidanka na." Ya sa takalmansa ya fita.

Kafin mako ya zagayo magina sun zo suna kwaɓa ƙasa a gidan Malam. Za a ƙara wa katanga tsayi har ta wuce idon wanda ke kan soronmu. Maginin ya ce azarar da ke kan 'yar ƙofar ba za ta ɗauki nauyin ƙarin ba, sai an cike ta. Ko haka ne, ko Malam ne ya so, ban sani ba, ban kuma ga laifinsa ba. Kafin su ɗora tubalin farko Inna ta sunkuyo ta miƙo mini rariyata da ke wurinta, ta karɓi taɓaryarta. Na fara kuka. Ta ce, "Kak ki yi kuka magina na ji. Shiga ɗaka."

Ranar na zazzage wa maigidan duk abin da ke cikina. Na ce ya sayar da uwata saboda 'yan kokawa. Ya ce ai katanga ce kawai, ba mutuwa aka yi ba, idan ina son ganinta in zagaya ta titi. Ya san sarai zagayawa ta titi sai da dare, sai da izini, sai an ratsa zauren Malam da ɗalibansa. Mun gwada magana ta kan katanga, ni da Inna, amma sai an yi ihu ake ji, kuma abin da nake son faɗa mata ba na ihu ba ne. Muka bari. Da na haihu da rani ta zo barka cikin ayarin mata, ta tashi tare da su.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, damina ta biyu soron ya fara yoyo daidai inda yake takawa kullum. Da hannunsa ya sauko da eriyar, ya ɗauko bututu daga wurin aiki ya kafa a jikin ɗaki. Ina tsaye nake murɗa ta da hannu ɗaya, goyo a bayana, hoto tas, ba bambanci. Na roƙe shi ya je ya shaida wa Malam ko a sake huda ƙofar. Ya ce gobe. Goben ba ta zo ba har aikin tifa ya ƙare, aka sallame su, muka ɗaure kaya za mu koma Bakura.

Da safen da za mu tashi ya ba ni izini in je sallama. Na yafa mayafi na fita titi, na zagaya, na tsaya a ƙofar zaurensu ina jiran ɗalibai su kauce. Na shiga da sallama. Inna ta fito daga madafa, ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Ta dube ni, ta juya ta shiga ɗaki, ta ɗauko sabuwar tabarma ta shimfiɗa mini a inuwa. Ta sa aka kawo mini ruwa a kwano mai murfi. Ta zauna nesa kaɗan ta ce, "Maraba da baƙi. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya maigidan?"

Na amsa duka, ɗaya bayan ɗaya. Ba fushi take yi ba, na duba fuskarta sosai. Haka ake karɓar wanda ya shigo ta zaure, kuma ta zaure na shigo.