Monaron Norm Hatherley Ba Ta Taka Tsakuwa

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Norm Hatherley a garin Horsham, don haka babu mai ba ni labarin motar nan. Ina shanya ranar da aka jawo ta daga wata gona. Wai ƙirar Monaro ce, amma tsatsa ta gama da ita, kaji sun shekara suna ƙwai a kujerar baya. Norm sai zagaya ta yake yana shafawa, bakinsa har kunne.

A rumbun alkama na gari yake aiki. Ba shi da hayaniya, ba ya cacar doki, giya ma sai kwalba ɗaya ranar Asabar. Matan layinmu suna cewa matarsa Raelene ta yi dacen miji.

Ya kwance motar noti-noti har ta koma ƙwarangwal. Sannan ya ɗauki 'yarsa Bronwyn, wadda ko makaranta ba ta shiga ba, ya ɗora ta kan ƙarfen, ya ce, "Ranar aurenki, a cikin wannan Baba zai kai ki." Yarinyar ta riƙe maganar gam. Duk layin ita kaɗai ta yarda.

Da gareji ya cika, kaya suka fara shigowa gida. Kujeru a falo, gilashi a bayan labule. Wata Lahadi Raelene ta buɗe tanda za ta gasa cinyar rago, ta tarar da murfin inji yana shan zafi, wai don fenti ya kama. Ta haɗa nata ya nata ta koma Ballarat. Norm ya yi baƙin ciki, ban hana masa ba, amma kafin sati ya zagayo ƙofofin mota ne kwance a gefenta na gado.

Bronwyn ta zauna da ubanta, sai dai ni ce mai kai ta wasan ƙwallo da asibitin haƙori. Shi yana kasuwannin tsofaffin kayan mota. Ya taɓa tuƙi na kwanaki har jihar Queensland saboda ɗan kwanon zuba tokar sigari na asali, mutumin da bai taɓa sa taba a baki ba. Haushinsa nake ji, kuma na sha gaya masa.

Shekara ashirin da wani abu ana haka, sai Bronwyn ta kawo Lachlan, ɗan wani mai kiwon tumaki. Norm ya ɗauki hutu ya ƙarasa aikin, kuma gaskiya motar ta yi kyau. Ruwan lemo ce da baƙin layi, in ya tayar da injin tagogina rawa suke. Ƙasanta ma ya sha fenti, ya fi kwanukan kicin ɗina tsafta, har madubi yake shimfiɗawa don baƙi su leƙa.

A gonar su ango za a ɗaura auren, cikin rumfar da suke yi wa tumaki aski. Hanyar gonar ta ƙasa ce, amma a daddaɓe take. Norm ya je ya taka ta da ƙafa, ya ce ya yarda.

Ranar biki ya ɗaura farin ƙyalle a gaban mota, bayan ya sa audugar da za ta hana shi goge fenti. Ya sa amarya ta cire takalmi kafin ta shiga. Ta yi dariya ta cire, don murna take. Ni ina biye da su a 'yar motata da kek ɗin biki.

A inda kwalta ta ƙare Norm ya taka burki. Ashe uban ango, don karrama baƙi, ya sa an zuba wa hanyar sabuwar tsakuwa a satin. Na fito na same su.

Bronwyn ta ce, "Baba, lafiya?"

"Dubi abin da mutumin nan ya yi. Tsakuwa, sabuwa fil!"

"To sai me? Mu je a hankali mana."

"A hankalin ma tashi take yi, 'yar nan. Ɗaya ta daki ƙasan nan, shikenan."

Na ce, "Kai Norm, ka ji tsoron Allah! Fasto na jira, mutane na jira. Fenti ne fa, ba fatar jikinka ba."

Ya ce, "Glenys, ke ba ki san abin da ya shiga cikin fentin nan ba."

"Na sani mana. Har matarka na ciki."

Bronwyn ta dafa hannunsa. "Shikenan, Baba, bar ta nan. Zo mu shiga ta Anti Glenys, ka riƙe hannuna ka shigar da ni wurin ɗaurin auren kawai."

"In bar ta a bakin titi? Ita kaɗai?" Ya duba hagu ya duba dama. "Ku yi gaba. Bari in kira mai tirela ya ɗauke ta, yanzun nan zan iso."

Bronwyn ta buɗe ƙofa. Sannan ta sa takalminta, ta shiga motata, ta ɗora kek a cinya. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi, na takaici. Mai tirelar kuwa yana can cikin 'yan biki, ya kashe waya. Aka jira har fasto ya fara duba agogo, sai Raelene ta miƙe ta kama hannun 'yarta ta shigar da ita.

Da la'asar na riga kowa fitowa. Norm na nan a mahaɗar kwalta da hanyar gonar, da kwat ɗinsa da fure a ƙirji, ya tsaya gaban Monaro yana shirin tare duk mai gudu. Ya tambaye ni ko an ɗaura, na ce tun ɗazu.

Sai ga akori-kurar ango, amarya ce a sitiyari. Norm ya ɗaga hannu. Bronwyn ta rage gudu, ta rage, har mai tafiya a ƙasa zai wuce ta, ko ƙwayar tsakuwa ɗaya ba ta tashi ba. Gilashinta a rufe, idonta a kan hanya. Da tayarta ta hau kwalta, ta taka mai ta tafi.

Norm ya ce, "Kin gani ko? Ita ta san darajar mota."

Har akori-kurar ta ɓace bai sauke hannun ba.