Gawayin Dainamon Baba

Mu biyar ne a bakin murhu ranar, a gidanmu na Gozaki: ni, da yayata Talatu, da Innarmu, da Gwaggo Ladi ƙanwar Baba, sai Kaka Yalwa da ta haife su. Na shidan, Baba, wanda tuwonsa ke hucewa a akushi, bai dawo daga Funtuwa ba.

Baba direba ne, yana kai auduga gidan gurza da wata tsohuwar akori-kura. A injinta akwai wani ƙarfe, dainamo, shi ke ba batir wuta. Cikinsa kuma 'yan gawayi ne biyu, ba su fi kan yatsa ba, suna gogar abin da ke juyawa, suna cinyewa a hankali. Da safen nan nasa suka ƙare. Ya fasa batirin tocila, ya zaro gawayin tsakiya, ya wasa a dutse, ya cusa. Direbobi kan yi haka, amma ƙa'idarsu a bar inji na ci, fitilu a kunne, daga hantsi har azahar, a buɗe a ga abin da ya rage. Baba ya bar shi tsawon shan fura kawai, ya tafi. Kaka na ƙofar gida tana kallo. Kunya ta hana ta tsayar da shi. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa.

Aka yi isha'i, shiru. Gwaggo Ladi ta ce wa Kaka, "Iya, ko a faɗa wa mai gari?"

"A kan wa? Ni ban aiki kowa ba. Yara, ku matso, ga ta nan tafe."

"Ta iso mu ji," muka ce.

Ta ce an yi wani mafarauci mai wata halitta a cikin gora. In ya ba ta gawayin ƙirya, sai ta buɗe fararen idanu biyu ta haska masa daji. Ran nan ƙirya ta ƙare, sauri ya sa ya ba ta gawayin kara. "Ba ta yi ƙorafi ba, 'yan nan. Abin da ke cinyewa ba ya kuka." Sai da ya kai tsakiyar daji idanun suka yi ja, suka ƙanƙance, suka rufe ruf. Ya ji sawu a bayansa. Ya tsaya, sawun ya tsaya. Ya taka, sawun ya taka.

Talatu ta ƙanƙame ni. "Kaka, sai me?"

"Ke uwar tambaya, mijinki ya shiga uku! Iza wutar nan."

Ba ta ƙarasa ba, ba ta yanke kan tatsuniyar ba. Ni da nake gindinta na ga carbinta ya tsaya, ƙwaya ɗaya ta riƙe tun da aka fara. A nan tsoro ya kama ni sosai, don ban taɓa ganin carbin nan ya tsaya a hannunta ba.

Ban yi boko ba, amma karatun ranar ya zauna. Jikokina na cewa na cika sa ido, don ina shafa igiyar guga kafin a zura ta rijiya. Su faɗa. Sai da na haifi nawa ɗan farin na gane tatsuniyar nan kukan Kaka ce, ta hanyar da kunya ta bar mata.

Washegarin ranar kuwa, da assalatu Baba ya yi sallama, a ƙafa, takalmi a hannu. Fitilu sun mutu masa a gangaren rafi, ya taka birki cikin duhu, taya ɗaya a leɓen kwazazzabo.

Kaka ba ta dube shi ba. Da aka jawo motar da hantsi, aka sa sabon gawayi, ta ɗauko kujerarta ta dasa a gaban fitilun. Ta ce da Gwaggo Ladi, "Faɗa wa wancan ya tayar. Ba mai taɓa sitiyarin nan sai na ji kiran azahar."