Gawar da Aka Bari Tana Numfashi

Sun ɗauki dattijo mai ciwon asma sun kwantar da shi a gado a matsayin gawa, sun cika ɗakin da hayaƙi, sun kafa kyamara a kan ƙirjinsa yana hawa yana sauka, sannan suka saki fim ɗin a haka. Ba kuskure ba ne. Da gangan suka yi, kuma duk layin an san dalili.

Dattijon mai aski ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a tsakanin na tela da na mai gyaran waya. Kujera ɗaya mai juyawa wadda ta daina juyawa tun tuni, madubi mai tsaga a gefe, dogon benci, sai talabijin a saman kanta kusa da kwalbar hoda. Tun yana saurayi yake tsaye a bayan kujerar nan, a kanta ya yi furfura. Ainihin sunansa kuwa sai matarsa. Kowa Mayar-Baya yake ce masa, don ba a gama kallon fim a shagonsa bai ɗaga injin aski daga kan mutum ya nuna talabijin da shi ba.

"Mayar baya. Kun ga wannan? An ce wata shida ya yi a ɓace cikin daji yana cin ganye. To wa yake masa gyaran fuska, biri? Ku dubi layin goshin nan. Ko ni sai na sa tabarau kafin in fitar da shi haka."

Tela, wanda kullum yake baro ɗinkin mutane ya zo ya zauna a bencin, sai ya ce, "Ƙila da injinsa ya ɓata, Baba."

"Ya jona a jikin bishiya ke nan."

Ba abin da yake wuce masa. An harbi jarumi a kafaɗar hagu, an wayi gari bandeji yana dama, sai ya ce harsashin ne ya sake unguwa. Matar da ta shekara ashirin tana neman ɗanta ta shigo birni, duk motocin birnin ba wadda ta buge ta sai ta ɗan nata, sai ya ce sauran direbobi hutu suka tafi ranar. Kofin da aka shanye ya sake cika da kansa, ya ce a samo masa irinsa, matarsa ta huta da dafa shayi. Akwai wani fim da aka rubuta "bayan shekara goma", ya sa aka tsayar, ya nuna musu kazar da ke tsakar gida tana nan inda aka bar ta.

Bakinsa ba linzami, wannan gaskiya ne, ba wanda zai ɓoye. Amma abin da yake da shi ke nan. Bai yi nisa a makaranta ba, ba ya cikin manyan unguwa, a gida ma matarsa ta ce sai ya wuni bai haɗa magana uku ba. Bencin nan ne kaɗai wurin da mutane suke yin shiru su jira abin da zai faɗa. Wasu ma da gashinsu a aske suke zuwa.

Wata rana da hantsi wani matashi mai ƙaton agogo ya shigo aski. An ɗaura masa ƙyalle a wuya, fim yana tafiya, Mayar-Baya ya shiga abin da ya saba. Ya nuna inuwar mai ɗaukar hoto a bango. Ya nuna marainiyar da aka ce ba ta ci abinci ba kwana da kwanaki, ga farcenta ya sha fenti. Tela ya gane fuskar matashin, ya san shi ne daraktan fim ɗin, amma ya ja bakinsa ya yi shiru don dariyar ta yi masa daɗi. Mai aski ya rufe da cewa, "Wanda ya yi fim ɗin nan, da direba ne, da ba wanda ya isa gida."

Matashin ya yi dariya tare da kowa, ya karkaɗe wuyansa ya fita.

Da ya dawo kuwa, har ƙasa ya durƙusa. Ya zo da wani ma'aikacinsa da ke ta latsa waya a bakin ƙofa. Daraktan ya ce, "Baba, ka koya mana hankali. Irin idonka muke nema. Ka zo ka duba mana sabon aikinmu, har ma mu sa ka a ciki. Kai ne uban jaruma."

Matarsa ba ta so ba. Tana goge masa riga tana cewa, "Maigida, mutumin da ka yi wa tsirara a gaban jama'a, shi ne ya dawo yana maka haƙora a waje? Ni dai hankalina bai kwanta ba."

"Yaron kirki ne. Gyara ya ji, ya karɓa."

Ya tsaya gaban madubinsa ya daidaita gemu, abin da bai cika yi wa kansa ba. Sai da ya isa gidan da ake ɗaukar fim ɗin aka gaya masa uban jaruma ya riga ya mutu kafin a nuna shi. Aikinsa ya kwanta kawai. Ba wanda ya nemi shawararsa a kan komai. Ya ciro abin shaƙarsa na asma ya nuna wa darakta, ya ce ƙirjinsa ba ya son hayaƙi. Darakta ya ce, "Ba komai, Baba, yanzu za a gama." Ya karɓi abin shaƙar ya ce yana kumbura masa aljihu, zai fito a hoto. Aka rufe tagogi, aka kunna injin hayaƙi wai don hasken ɗakin ya yi kyau, aka ja masa farin zani zuwa ƙirji.

Jaruma ta faɗo kansa tana kuka, ta ɗora masa kai a daidai inda numfashin yake maƙalewa. Ya riƙe. Ya riƙe har ya fara ganin duhu-duhu, yana jira a ce an gama, ba a ce ba. Ƙirjin ya ƙwace da kansa. Zanin ya shiga hawa da sauka, wani siririn fito yana fita daga maƙogwaronsa, babban yatsan ƙafarsa yana karkarwa. Ya ji ana danne dariya a bayan kyamara. Aka ce a sake. Aka kuma cewa a sake. Da aka tashe shi, sai da ya dafa bango kafin ya iya tsayuwa.

Darakta ya ce, "Za mu yanke wurin, Baba, kar ka damu. Kai da kanka ka san aikin."

Ya yarda. Ranar da fim ɗin ya fito, shi ya bi shago-shago yana gayyato mutane. Ya aro kujeru, ya goge fuskar talabijin da hannun rigarsa. Aka zo wurin. Ga shi kwance, jaruma tana ihun ubanta ya tafi ya bar ta, uban kuwa cikinsa yana aiki kamar famfon ba taya iska. Kyamara ba ta matsa ba, matsowa ma ta yi.

Tela ne ya fara magana, abokin zamansa na shekara da shekaru. A hankali ya ce, "Mayar baya."

Har na ƙofa sai da suka durƙusa don dariya. Mai gyaran waya ya ce a taimaka a kai wa mamacin ruwa. Wani ya ce ai likitan fim ɗin ne ya kamata a kama. Mai aski ma ya yi dariyar, iya yadda ya iya, yana goge almakashin da ba datti a jikinsa.

Da a nan ya tsaya, da sai a ce ya ɗanɗani abin da ya saba ba wasu. Bai tsaya ba. Kamfanin da kansa ya yanko wurin ya watsa a waya don talla. Sun zagaye cikinsa da jan layi, sun rage gudun hoton, sun ƙara ƙarar fiton maƙogwaron. A farkonsa kuma ga muryarsa yana cewa "mayar baya", wadda ma'aikacin nan ya naɗa a bakin ƙofa ranar da maigidansa yake durƙushe yana kiran Baba. Tun ranar aka gama shirya komai.

Sunansa ya koma Marigayi. Mutum ya zauna a kujera, a ɗaura masa ƙyalle, sai ya lumshe ido ya shiga haki. Waɗanda ba su taɓa sanin layin ba suna zuwa, ba aski ba, su dai tsaya kusa da shi a ɗauke su hoto. Matarsa ta je kasuwa wata mai tumatir ta ce mata ya aka ji da rashi. Talabijin ɗin yana nan a kunne, jarumai suna ta sauya riga a tsakiyar magana, shi kuma kansa a sunkuye kan ƙeyar da yake askewa. Ko ya ɗago, ba wanda yake jiran maganarsa. Cikinsa suke kallo.

Ran nan da rana tsaka, benci a cike, ciwon ya taso masa na gaske. Ya saki injin, ya riƙe bayan kujera, bakinsa a buɗe, fiton nan yana fita. Sai aka hau tafi. Suka ce yau Marigayi da kansa yake yi musu, aka zaro wayoyi. Yana lalubar aljihu yana nuna kanta da hannu, ana cewa ya ƙara. Sai da gwiwoyinsa suka taɓa ƙasa, leɓensa ya sauya launi, sannan mutumin da ke kan kujera da rabin aski ya tashi ya lalubo abin shaƙar a bayan kwalbar hoda.

Bai mutu ba. Amma shagon a kulle yake tun ranar. Yana zaune a ɗaki, fuskarsa tana kallon bango. Matarsa ta ce ya buɗe ko da safe ne kawai, ya ce mata da wane ido zai tsaya a gaban mutane.

To, darakta, ka rama, har ka wuce. Shi fim ɗinka ya zaga, kai numfashinsa ka yi wasa da shi, bayan ya nuna maka maganinsa da hannunsa. Ka cire wurin nan daga fim ɗin kamar yadda ka faɗa da bakinka. Kamfaninka ya sauke tallan daga duk inda ya liƙa shi. Masu hoton ranar da ya faɗi su goge, tela ya fara. Sannan ka zo layin da rana, lokacin da shaguna suke buɗe, ka tsaya a ƙofar shagon ka faɗa wa mutane da babbar murya cewa kai ka karɓe abin shaƙar, kai ka sa aka rufe tagogin.