Tsakuwar Hanyar Tondibiya

Waɗanda suka san Sumana da tsufansa a Gudel sun san shi ne a bakin kogi, wando naɗe zuwa gwiwa, yana ban ruwan salati da kabeji. Da wuya ka ce hannuwan nan sun taɓa riƙe sitiyari. To, sun riƙe, shekara goma sha ɗaya cur. A Yamai ta wancan lokaci in ana zancen shufer, wato direbobin manya, ba a ambatar mutum uku ba a zo kan sunansa ba.

Ubansa masunci ne, amma shi bai ga abin so a jirgi da taru ba. Mota ce ta shiga ransa. Ya samu parmi, wato lasin tuƙi, a shekarar 1950, ya tuƙa Turawa uku ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda zai koma ƙasarsu sai ya bar wa magajinsa wasiyya: ka riƙe Sumana.

Ba wai ya fi kowa iya tuƙi ba ne. Abin da ya fi kowa shi ne fenti. Ka san hanyoyin lokacin, kwalta ba ta wuce tsakiyar gari ba, da ka fita sai jar ƙasa da tsakuwa. Motar da ke gabanka ta taka tsakuwa, tayarta ta cillo maka ita, ka ji ƙas! a goshin taka motar. In ka sauka ka duba, ɗan tabo ne bai fi ƙwayar dawa ba. Yawancin direbobi ko kallo bai ishe su ba. Shi kuwa Sumana ya san ƙarfe ne ya fito tsirara a wurin, damina ɗaya ta isa tsatsa ta shiga ta ƙarƙashin fentin tana ci, kafin ka farga goshin mota ya zama kamar fuskar mai zanzana.

Saboda haka yake da nasa dabarun, kuma bai ɗauke su da wasa ba. Ya yanko tsohuwar taya ya rataya a bayan kowace ƙafa, don kada shi ma ya jefi na bayansa. Kowace safiya yana bin zanen tayoyin da ƙusa yana ƙwaƙule 'yan duwatsun da suka maƙale. Ran Juma'a ya wanke motar tas, ya murza mata kakin zuma a goshi har sai ya ga haƙoransa a ciki. In kamiyo, wato babbar motar kaya, ya taho ta gabansa, sai ya rage gudu ya raɓe gefe, ya dafa babban yatsa a gilashin gaba har ya wuce. Matarsa Kadi ta ɗinka masa wata riga ta buhu, an yi mata shafi da tsohon zane mai laushi don kada ta karce fentin, yana ɗaura wa goshin motar in za a bar gari, ya kwance kafin a shigo. In duk da haka tsautsayi ya gifta, ranar ba ya cin abinci sai ya tsoma tsinken ashana a fenti ya toshe tabon.

Amma babbar dabarar ita ce rata. "Duk sauran nan taimako ne," in ji shi. "In kana jin ƙarar duwatsun motar gabanka, ka matsa da yawa. Ja baya har ka daina ji." Direbobi suna yi masa tsiya, wai Sumana ya fi tausayin fenti a kan bayan Kadi da ta sha ɗinkin buhu. Sai ya yi dariya ya ce su je su duba motocinsu.

Da aka samu 'yancin kai, Baturensa na ƙarshe ya haɗa kayansa, aka ba ofishinsu sabuwar Fijo baƙa wul da sabon darakta. Kuma wa aka naɗa? Isaka! Isaka ɗan kawunsa, wanda aka kai lakwal, wato makarantar boko, tun yana ƙarami har ya ƙetare zuwa Dakar ya dawo da tabarau. Uwar Sumana da uban Isaka ciki ɗaya suka fito, ka ga taubasai ke nan, masu wasa da juna. A al'adarsu ɗan mace bawan ɗan namiji ne a wasa, don haka tun Isaka bai iya ɗaura wando ba yake ce wa Sumana "bawana", ko da yake Sumana ya ba shi shekara takwas.

Ranar farko Sumana ya buɗe masa ƙofar baya ya ƙame, ya ce, "Mushe darakta." Isaka ya shiga, ya jira aka rufe ƙofa, sannan ya ce da Zabarmanci, "Bawana, ashe dai Allah ya yi sai ka yi mini bauta ta gaskiya." Suka yi ta dariya har biro, wato ofis. Wallahi Sumana ya ji daɗin ranar nan. Ya ce wa Kadi wannan shi ne 'yancin da ake faɗa, ka tuƙa naka, jininka. A hanya yakan yi ta koya wa Isaka zancen rata da kakin zuma, shi kuwa yana baya yana duba takardu yana cewa "uhm".

Shekara na zagayowa aka ce za a tace direbobin da aka gada daga Turawa. Waɗanda aka zaɓa za a sa sunansu a littafin ma'aikatan dindindin, sauran kowa ya kama gabansa. Abu biyu ake dubawa: lafiyar motar da ke hannunka, da sa hannun maigidanka. Sumana ko a jikinsa. Motarsa babu tabo ko ɗaya, mai sa hannun kuma ɗan kawunsa ne.

Ana saura kwana biyu a duba motoci aka shirya zuwa Tondibiya, inda wani babba daga cikin manyan ƙasa zai buɗe injin ban ruwa a bakin kogi. Saboda zuwan nasa aka zuba wa hanyar sabuwar tsakuwa, ba a ko daddaɓe ta ba. Sumana na jin haka ya ɗauko rigar buhu ya ɗaura.

Isaka ya fito cikin farar kwat, ya tsaya turus.

"Mene ne wannan?"

"Rigarta ce. Ai ka saba gani."

"Na saba gani in za mu daji mu kaɗai. Yau a gaban manya za ka kai ni da mota sanye da buhu kamar jakin 'yan gawayi? Cire."

Sumana ya ce zai kwance kafin a isa wurin taron. Isaka ya ce a jerin gwano wa zai tsaya jiransa? Haka ya kwance ta yana ji kamar fatarsa yake saɓulewa.

To, jerin gwanon manya yana da nasa sha'ani. Kusancin motarka da ta babban shi ne girmanka, kuma mutanen da suka yi layi a bakin hanya suna ƙirgawa. An sa Isaka na bakwai. Da aka bar kwalta, Sumana ya ja baya yadda ya saba har ya daina jin duwatsu. Isaka ya leƙa ya ga fili tsakaninsu da ta shida, ya soma huci.

"Matsa mana! So kake a ce an bar ni a baya?"

"Tsakuwar sabuwa ce, Isaka. Za ta cinye mu."

"Na ce ka matsa. Kai, wuce su ma. Waɗannan biyun da me suka fi ni?"

Sumana ya ce ba a fita daga layi. Ya faɗa sau biyu. Sai Isaka ya sunkuyo daidai kunnensa, ya ce a hankali, "Jibi wa zai sa hannu a kan sunanka?" Da ya ga wuyan Sumana ya sandare, sai ya saki dariya ya buga masa kafaɗa. "Haba bawana, yaushe bawa ya fara musu da ubangijinsa? Taka kawai. Duk abin da ya faru a wuyana."

Ya taka. Allah ya sani bai so ba, amma ya taka. Ya fita gefe inda tsakuwar ta taru, ya wuce ta shida, ya wuce ta biyar, ya manne wa ta huɗu. Duwatsu suka yi ta sauka a goshin Fijo kamar ana watsa wa kwano gero, kowane ƙas! yana jin shi har cikin haƙori. 'Yan tayoyin da ya rataya ba su iya da irin wannan gudu ba. A madubi ya ga gilashin motar da suka wuce ya yi fari fat, ya ga ta kauce ta tsaya. Mai ita kuwa ya fi Isaka muƙami nesa ba kusa ba.

Da aka isa, Isaka ya sauka ana tafi, ya gyara kwat ya shige rumfa. Sumana ya zagayo gaban motar ya durƙusa. Ya fara ƙirgawa, ya kai arba'in da wani abu ya bari. Fitila ɗaya ta tsage. Babu tsinken ashanar da zai toshe wannan.

Tun kafin su kamo hanyar dawowa an riga an raɗa wa Isaka cewa manya na nemansa. Da suka iso ya ce, "Kada ka ce wa kowa komai. Bar ni da su. Ni na sa ka, ni zan faɗa."

Ranar duba motoci shugaban gareji ya zagaya Fijo sau ɗaya, ya dubi Sumana ya girgiza kai. "Kai, Sumana? Kai da kanka?" Sumana ya buɗe baki, sai ya tuna an ce ya yi shiru. Isaka ya ja shugaban zuwa biro suka rufe ƙofa. An fi awa guda. Da ya fito fuskarsa a jiƙe da gumi, ya kama hannun Sumana ya kai shi gindin bishiyar bedi.

"Na faɗa musu komai," in ji shi. "Sun yarda ba laifinka ba ne. Sai dai gurbin bana ya cika, an cusa 'ya'yan wasu, ka san halin mutanenmu. Amma duba." Ya zaro takarda mai hatimi. "Na rubuta maka shaida da hannuna. Duk inda ka kai wannan, ba za ka kwana biyu ba aiki ba."

Sumana bai yi lakwal ba, Faransancinsa na baki ne. Ya ga hatimi, ya ga sa hannu, hawaye suka cika masa ido. Rasa aikin ya yi masa ciwo, amma ya ce wa Kadi ko banza ya san yana da ɗan'uwa. Ya sayi jakar fata musamman saboda takardar.

Wata huɗu yana yawo da ita. Ya kai kantin wani Balabane, ɗan ƙasar Labanan, aka karanta, aka ninke, aka ce za a neme shi. Ya kai wajen masu jigilar gyaɗa, haka. Ya kai gidan wani likita Bature da ke neman direba ido rufe, mutumin ya karanta ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaye shi, "Kai da kanka ka kawo wannan?" Sumana ya ce, "Ƙwarai, mushe, darakta ne ya rubuta, ɗan'uwana ne," yana faɗa yana murmushi. Wani akawu ma dariya ya yi har da kifa kai a tebur. Sumana ya ɗauka hassada ce. Kai jama'a, mutum da girmansa da iyalinsa, a sa shi yana bi ƙofa-ƙofa yana tallar zagin kansa!

Da abin ya ishe shi sai ya yi tunanin ko a rubuta masa wasiƙar neman aiki ya haɗa da shaidar. Ya je bakin gidan waya wurin Malam Shu'aibu, wani Bamaraɗe da ke rubuta wa mutane wasiƙa a kan ɗan teburi. Ya zaro takardar ya ce a ɗebi kalmomin yabon da ke ciki a zuba a wasiƙar.

Malam Shu'aibu ya karanta, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Malam, an taɓa karanta maka wannan?"

"Wanda ya rubuta ya faɗa mini abin da ke ciki."

"To zauna."

Ya juya masa ita da Hausa, layi-layi, murya ƙasa-ƙasa don kada na kusa su ji. Wai Sumana direba ne mai gaggawa, ba ya jin magana. Wai ranar zuwa Tondibiya ya fita daga layi ba da izinin maigidansa ba, ya fasa gilashin motar wani babba, ya lalata fentin sabuwar motar hukuma. Wai darakta ya sha yi masa gargaɗi ya riƙa barin rata tsakaninsa da motar gaba a kan hanyar tsakuwa, ya kuma umarce shi ya rufe goshin motar, ya ƙi. Saboda haka aka sallame shi.

Sumana ya ce a sake karanta wurin ratar. Aka sake. Ya ce a nuna masa inda take. Malam Shu'aibu ya ɗora yatsa a kan layin, Sumana ya ƙura wa baƙaƙen ido kamar zai gane wani abu a cikinsu.

"Ni na koya masa wannan," in ji shi. "Yana zaune a baya na koya masa."

Ba korar ce ta ƙona shi ba. Da Isaka ya zo ya ce, bawana, na ji tsoro, na jingina maka, wallahi da ya haɗiye, don ya san tsoro. Amma ya ci amanarsa, ya dube shi ido cikin ido ya miƙa masa cin amanar a ninke, ya karɓi godiya, ya bar shi wata huɗu yana nuna wa duniya. Sumana ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya shiga tuno fuskokin da suka karanta ɗaya bayan ɗaya.

Malam Shu'aibu ya tambaye shi ko har yanzu a rubuta wasiƙar. Ya ce a bari. Ya miƙe ke nan sai wani abu ya faɗo masa a rai, ya koma ya zauna. Da sassafen nan ƙanensa ya kamo giwan ruwa ƙato, irin wanda ake samu sau ɗaya a shekara, shi kuwa ya hana a kai kasuwa, ya ɗora wa Kadi a ka ya ce ta kai gidan Isaka, ta ce bawansa na gaisuwa, yana ƙara godiya. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ga ta kusa tsaka. War haka an riga an sa kifin a tukunya.